Shekarar da Na Koyi Auna Ruwa

Safiya, Aminu, da ke Zainabu auta, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidanmu a karkace, ni kuma na ƙyale ta saboda tana rufa mini asiri. Maganar ita ce wai Hajiya Mairo ta ci amanata, ta raba ni da teburin shayina, sannan ta cire ni daga kan injin gahawa ta ɗora wata. Da haka kuka tashi, har na ji Aminu yana ba abokansa labarin. Ba haka aka yi ba. Hajiya ta riga mu gidan gaskiya, ba ta da bakin kare kanta, don haka bari in faɗa muku yadda abin ya faru tun ina da sauran hankalina.

Shekara goma sha shida na yi ina shayi a Garki, a gindin wani dogonyaro da ke Area 1, tun zuwana daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Masinjoji, direbobi, akawuna, har da wasu daraktoci da ke aiko da fulas, duk a wurina suke karyawa. Abin da nake taƙama da shi shi ne sanin ruwa. Ko na juya wa tukunya baya ina yanka burodi, kunnena na kanta. Da farko za ta yi ƙara siririya kamar kukan sauro, sai ta ɗan yi shiru, sannan ta fara ɓararraka. Kafin wannan ɓararrakar ba na zuba wa kowa, ko da kuwa motar ofis na jiransa. A wurina ruwan da bai tafasa ba bai cika ruwa ba, kuma mai shayin da ya miƙa wa mutum abu mai ɗumi-ɗumi ya kori kansa daga sana'a.

Lokacin mulkin farar hula ya dawo ya zauna, gari ya buɗe. Duk inda ka duba gini ake yi, wayar hannu ta shiga aljihun kowa, 'yan kwangila da baƙi daga ƙasashen waje sun cika Abuja. A nan ne Hajiya Mairo ta dawo. Mutuniyar Zariya ce, ta san ni tun tana akawu a wata ma'aikata kusa da teburina, kafin aikin mijinta ya kai su Turai. Da mijin ya rasu ta tattaro ta dawo gida, ta kama ɗan shago a Area 11 don sayar da gahawa irin wadda ta saba sha a can. Wata safiya ta tsayar da mota a gaban teburina, ta sauke gilashi muka gaisa.

"Malam Garba, ina neman wanda ya san ruwa kuma ya san mutane," in ji ta. "Sauran ni zan koya maka."

Muna zaune a Karmo a lokacin, ɗaki biyu, mahaifiyarku Rabi da ku a ɗaya, Inna kakarku a ɗayan. Rabi ta yi murna, ta ce na huta da gudun ruwan sama da hayaƙin gawayi. Inna kuwa, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba saboda ni ne ɗan farinta, ta dube ni ta ce:

"Kai wannan, mai teburin kansa ne zai koma yaron wata?"

Na ce mata aiki ne na inuwa, kuma zan koyi sabon abu. Ta ce Allah ya sa alheri. Na miƙa wa ƙanena Lawal teburin da tukwanen da duk masu sayen, ban rage komai ba.

Injin da Hajiya ta zo da shi ya kai girman akwatin lefe, ƙarfe ne mai walƙiya, da tukunyar ruwa a cikinsa da wani ɗan agogo mai allura a gaba. Abin da ake yi da shi sunansa esfireso. Za a niƙa soyayyen waken gahawa ya yi laushi, a cika wani ɗan ludayin ƙarfe mai ƙananan huji, a danne shi sosai, a ɗaura a bakin injin. Injin zai turo ruwan zafi da ƙarfi ta cikin garin, cikin kamar rabin minti ya tsiyaye a finjali, baƙi mai kauri da jar kumfa a sama. Kurɓa uku ne ya ƙare. Ni dai mamakin masu biyan kuɗi su sha wannan ɗan abu nake yi, domin in zan sha sai na tsinka shi da madara da sukari cokali uku. Mu biyu ne ma'aikata. Ɗayar ita ce Ladi, Bagwariya daga Jiwa, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ta yi shekaru a kicin ɗin wani otal. Ita ke kula da kek da wanke-wanke da kai wa mutane, ni ke kan inji. Waken kuwa daga tsaunin Mambila yake zuwa, daga gonar wani dattijo Malam Buba. Hajiya ta dage sai na gida, ita take soya shi da kanta a gidanta, tana kuma gaya wa duk baƙon da ya shigo cewa a ƙasar nan aka noma shi.

Watan farko lafiya lau. Sai wata rana wani ɗan kwangila mai babbar riga ya kurɓa, ya ajiye finjalin, ya dube ni a gaban mutane.

"Kai ba kai ne mai shayin Area 1 ba? Yanzu kuma ruwan wankan jarirai kake sayarwa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta kwana a raina. Ranar da makanike ya zo haɗa injin na tsaya a kansa, na ga ya ɗaga murfin sama ya murɗa wani noti, allurar agogon ta matsa. Washegari na yi sammako, kafin Hajiya da Ladi su iso na ɗaga murfin na murɗa notin zagaye ɗaya da rabi. Da injin ya yi zafi na saki ruwa, ya fito yana tsartuwa da huci, tururi na tashi. Na ce yawwa, yanzu ne muka samu ruwa. Ban gaya wa kowa ba, ba don ina jin na yi laifi ba, sai don a ganina gyara na yi irin wanda ba sai an yi shela ba.

Abin da ya ɓata lissafi shi ne a wannan makon sabbin buhunan Malam Buba suka iso. Ladi ce ta fara lura da finjalai na dawowa da saura.

"Oga Garba, mutane ba ya shanye fa," ta ce da irin Hausarta. "Jiya ma Bature ɗin nan ya bar rabi."

Hajiya ta ɗanɗana ta ɓata fuska. Ta ce ɗaci ne kamar maɗaci, ga ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya. Ita a Turai shan gahawa ta koya da sarrafa ta, ba cikin inji ba, don haka hankalinta bai kai kan allurar ba. Ta zargi suyarta, ta rage wuta. Ta canja niƙa. Ta sake soya wani kashi, ta zauna tana tsince waken ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa. Wata biyu ana haka, masu zuwa suna raguwa. Ni kuma wallahi ko sau ɗaya ban haɗa abin da notina ba. Ta yaya zafin ruwa zai ɓata abin sha? Daga ƙarshe ta yanke cewa waken bana ne ba shi da kyau. Ta aika wa Malam Buba cewa kada ya sake kawowa, ta sa aka yi mata odar na ƙasar waje ta Legas. Na ga yadda abin ya yi mata ciwo.

Cikin waɗanda ba su daina zuwa ba akwai Injiniya Kabiru, wani Bakano mai sanyin magana da ke aikin gwajin ruwan sha a wata ma'aikata. Wata Talata ya zauna kusa da injin yana kallon yadda ruwan ke huci.

"Malam Garba, ka taɓa auna zafin ruwan nan?"

"Ranka ya daɗe, ni da kunne nake aunawa. Shekara goma sha shida ban taɓa kuskure ba."

"A shayi ba," ya ce yana murmushi. "Ganyen shayi yana son tafasasshen ruwa. Gahawa ba ta so. In ruwa ya yi zafi da yawa, sai ya kwaso ɗacin da ya kamata ya bari a cikin garin. In ya yi sanyi kuma, ta fito da tsami. Tsakanin nan ɗan siriri ne, kunne ba ya jin sa. Zan zo maka da ma'auni."

Ban iya jira ba. Da na koma gida na ɗauki ma'aunin zafin jiki na gilashi da mahaifiyarku ke sa muku a hammata in kuna zazzaɓi, na sa a aljihu. Da safe na tara ruwan injin a wani tsohon kofi na tsoma shi. Ko ƙirga uku ban yi ba ya fashe. Na zubar da kofin da abin da ke ciki, na yi kwana biyu ina shan mita a gida, domin a asibitin da aka haifi Zainabu aka ba ta shi.

Ranar Alhamis Injiniya ya zo da na gaske, dogon tsinke na ƙarfe da agogo a kansa. Ya nemi farin kofin nan mara nauyi da ake zuba abin zafi, ya ce shi ba ya shan zafin ruwa kamar tangaran. Ya ɗauraye shi da ruwan zafi tukuna, ya huda gefensa ya cusa tsinken, ya kafa shi a bakin injin ya ce in saki ruwa. Allura ta tashi ta tsaya a kusan digiri casa'in da takwas.

"Ka gani? A tudun Abuja iyakar ruwa ke nan, tafasa yake yi. Yadda yake tsartuwar nan ma, a ciki ya fi haka. Kamata ya yi ka gan shi wajen casa'in da biyu zuwa da huɗu. Ko dai injin ya lalace, ko wani ya taɓa shi. Ku kira makanike."

Na ce to. Ya bar mini ma'aunin ya ce in riƙe.

Ba ma buɗewa Asabar da Lahadi, saboda ofisoshi ne kasuwarmu, amma Asabar nakan je in wanke inji. Sabbin buhunan waken ƙasar waje sun iso ranar Juma'a, suna jingine a kusurwa, Hajiya ta ce Litinin za a buɗe. Na kulle ƙofa, na ɗaga murfi, na mayar da notin zagaye ɗaya da rabi. Na jira tukunyar ta daidaita, na auna. Ruwan farko ya ɗan haura, na bari ya zuba kaɗan na sake aunawa, casa'in da uku. Na sake, casa'in da uku. Akwai ragowar waken Malam Buba a wata roba da Hajiya ta ce a zubar. Na niƙa, na danna, na ɗaura. Ya zubo a hankali kamar zuma. A karon farko a rayuwata na sha ba madara ba sukari. Akwai ɗaci, amma mai laushi, a bayansa wani ɗanɗano kamar soyayyar gyaɗa, da ɗan zaƙi-zaƙi irin na dabino da ya tsaya a harshe. Na zauna a kan kujerar baƙi. Na gane cewa in na yi shiru, ranar Litinin za a buɗe sabon buhu, gahawa ta yi daɗi, kowa ya ce ai dama waken Mambila ne matsalar.

Lahadi bayan la'asar na faɗa musu a tsakar gida. Rabi na tankaɗe, Inna na ɓarar gyaɗa a faranti.

"To ai ka gyara, Malam," in ji Rabi. "Wa ya gan ka? Ka bar teburinka, ba za ka je ka ce wa Lawal ya tashi ba. In matar nan ta kore ka, ina muka nufa da yara uku?"

Ba na ganin laifinta ko kaɗan, kuma kada ku gani. Gaskiya ta faɗa. Inna ba ta ɗago ba.

"Mutumin dutsen nan mai waken, yana da iyali?"

"Yana da su, Inna."

"An ce masa amfanin gonarsa ba kyau?"

"An ce masa."

Ta ɓare gyaɗa biyu ko uku kafin ta sake magana.

"Ubanka manomi ne. Da za a ce masa geronsa ba kyau, da ba zai ci tuwo ba ranar. Ni dai iyakar abin da na sani ke nan."

Ranar Litinin da Hajiya ta shigo, kafin ta kai ga sabon buhun na ajiye mata finjali. Ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa.

"Har ka buɗe?"

"A'a, Hajiya. Na Malam Buba ne."

Na faɗa mata komai, tun daga maganar ɗan kwangilar har zuwa ma'aunin Injiniya. Ladi na tsaye da tsumma a hannu. Hajiya ba ta ɗaga murya ba, ba ɗabi'arta ba ce.

"Wata biyu kana kallona ina tsintar wake, Malam Garba."

"Wallahi ban san shi ne ba sai ranar Alhamis."

"Na yarda. Amma ka san ka taɓa noti. Sau nawa na tsaya a nan ina tambaya ko akwai abin da ya canja?"

Gaskiya ne, ta tambaya, ba sau ɗaya ba. Ta ce ba za ta kore ni ba, saboda da na so da na yi shiru. Amma ba za ta iya barin inji a hannun wanda ke gyara a ɓoye ba, sai ta sake sanin hannuna. Daga ranar Ladi ce a kan inji, ni in ɗauki faranti da wanke-wanke. Sannan ta miƙo mini wayarta ta ce ni zan kira Malam Buba da bakina. Can wurinsu waya ba ta kamawa, sai an kira wani mai shago a Gembu ya aika a nemo shi. Sai washegari muka same shi. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya kyauta. Sannan ya ce da saƙon Hajiya ya iso, ƙanensa ya yi fushi ya sare itatuwan gahawar da ke gonar ƙasa, waɗanda mahaifinsu ya dasa, zai shuka masara. Na gonar sama ne kawai suka rage. Wannan shi ne abin da har yau ban iya mayarwa ba.

Watannin da suka biyo baya ba su yi mini sauƙi ba. Mutanen da suka san ni da teburina suna shigowa su gan ni da faranti ina goge tebur. Labari ya kai Karmo, mata suka fara yi wa Rabi jaje mai kama da dariya, ita kuma ta ce musu ai Hajiya ce ta yi mana butulci. Daga nan maganar ta samo asali. Na ji, ban hana ta ba, kuma laifin wannan nawa ne.

Amma a watannin nan ne na koyi aikin da gaske. Hajiya ta bar mini ma'aunin, ta ce aunawa aikina ne, kowace safiya kafin a ba kowa. Na gano cewa in inji ya daɗe ba a taɓa shi ba ruwan bakinsa kan haura, sai an zubar da kaɗan har hucin ya tsaya. Na gano in wuta ta yi rauni ko an koma kan janareta, tukunyar ba ta riƙe zafi, ruwa ya sauka ƙasa da casa'in, gahawa ta fito da tsami kamar an matsa lemo. Na gano in ludayin ƙarfen ya yi sanyi a kan tebur, yakan sace zafin ruwan, don haka a jikin inji ake barin sa. In layi ya yi tsawo ina gefe ina ce wa Ladi ta ɗan dakata ko ta ci gaba. Ita kuwa hannunta wajen dannawa ya fi nawa, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Ba ta taɓa yi mini gori ba, Oga Garba take kirana ina wanke mata finjalai. Mutane suka dawo, suka ƙaru. Da shekara ta zagayo Hajiya ta buɗe shago na biyu a Wuse, ta ba ni makullinsa da injinsa. A nan na yi shekarun da kuka sani, da su kuka yi karatu, da su muka bar haya. Ban taɓa aikin da na ji daɗinsa kamar wannan ba.

Kafin komawata Wuse, bayan girbi, Malam Buba ya zo Abuja da kansa. Buhunan da ya kawo ba su kai na da ba. Dogo ne siriri, da rawani da sanda, ya sha doguwar tafiya a mota. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Hajiya ta ba shi kujera, ta nuna ni ta ce ga Malam Garba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallona. Hira ta kawo ya ce shekara arba'in yana noman gahawa, amma bai taɓa shan wadda ta fito daga irin wannan inji ba, su a gida dafawa suke yi a tukunya. Na dubi Hajiya, na dubi Ladi. Ladi ta matsa gefe ta miƙo mini ludayin. Na zubar da ruwan farko, na auna, na niƙa, na danna, na ɗaura. Na ajiye masa finjalin, na ce akwai sukari in yana so. Ya ɗaga hannu alamar a'a. Ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki kafin ya haɗiye.

"Wannan na gonar sama ne," ya ce. "Na san shi."

"Baba, ni ne sanadin gonar ƙasa. Ka yafe mini."

"Na hana masarar. Mun dasa sabbi da damina. Shekara uku ko huɗu kafin su yi 'ya'ya, in da rai."

"Ka yafe mini, Baba."

Ya shanye sauran, ya leƙa cikin finjalin kamar yana mamakin yadda ya ƙare da wuri, sannan ya turo mini shi a kan tebur.

"Na yafe tun a waya, kai ne ba ka ji ba, layin ba kyau. Ƙaro mini ɗaya."